Gara a Asusun Baba

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Bello, kun tashi kun tarar ana kiran ƙanena da suna Gara. Da yawanku kun ɗauka saboda cin tuwonsa ne, shi kuma bai taɓa gyara muku ba, sai dai ya yi dariya ya shafa ciki. To ba daga tuwo sunan ya fito ba. Ya samo asali ne daga shekarar da kakanku ya fara ajiye kuɗin albasa a banki, kuma ni na bar sunan ya zauna daram alhali maganinsa yana cikin aljihuna. Abin da zan rubuta a wannan babi ke nan, tun idona yana iya bin layi.

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Wurno. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba, tunda ni ina ƙwala wa 'yata ta fari Hadiza kira da sunanta har maƙwabta su ji. A wajen Baba kuwa ɗan fari abin jin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a yaba masa a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin kalmar Haliru ta fito daga bakinsa ba. In yana da saƙo gare ni sai ya ce wa wanda ke kusa, ku ce ma wancan, in kuma ransa fari ne ya ce mai littahi. Na san al'ada ce. Na karanta a kanta, har na taɓa amsa tambaya a kanta a jarrabawa na ci maki mai kyau. Amma sanin bai hana ni jin abin da nake ji ba a duk lokacin da ya ɗaga murya daga zaure ya kira Bello, ya ja ƙarshen sunan ya daɗe bai sake shi ba, kamar mai tsotsar rake.

Shekara uku na ba Bello. Shi ya ajiye boko tun a ƙaramar sakandare ya bi Baba fadama da kasuwa. Mutum ne mai baki da jama'a, babu dillalin albasa a Goronyo da bai san shi ba, kuma yana iya sa mutum dariya a tsakiyar ciniki har ya manta ragin da ya zo nema. Ni kuwa ko barkono aka aike ni saye, abin da aka faɗa mini shi nake biya, don kunyar tayi nake ji. A shekarar da nake ba ku labari ina koyarwa a firamare, na kuma koma karatu a Sakkwato lokutan hutu, ɗalibi da gemu, ga Hadiza tana goye. Littattafaina a jere suke bisa tsawo, ina ja wa komai layi da rula, har takardar cefane.

Masu sayen albasar Baba daga kudu suka ce sun daina ɗauko kuɗi a mota saboda hanya, sai dai su turo ta banki. Baba ya ja lokaci kafin ya yarda, da ya yarda kuma ya kafa sharaɗi guda: kada a haɗa masa dukiyarsa da kuɗin ruwa, ko na sisin kwabo. Ranar da za a buɗe asusun ina ɗakina ina duba aikin 'yan aji, na ji an tayar da babur. Bello ne ya goya Baba suka bi ta Achida suka shiga birni. A duk gidan ni kaɗai ne zan iya karanta takardar da za a ba su daga sama har ƙasa, amma ba wanda ya ce in sa takalmi. Da yamma suka dawo da littafin cak, da kati, da sabuwar ƙaramar waya. Bello ya ce ya gaya wa ma'aikacin cewa tsohonsa ba ya son ruwa, shi kuma ya ce to sai dai irin asusun da ake kira karant, shi ne ba ya ƙaruwa. Baba ya ji daɗi. Ba wanda ya tambaya, abin da ba ya ƙaruwa, shin yana raguwa?

Daga ranar gidan ya samu sabuwar murya. Kuɗi na shiga ko na fita, waya ta yi ƙara a aljihun Baba, shi kuma ya kira Bello ya zo ya karanta masa alat, wato saƙon banki. A kakar albasa sai a yi haka sau biyar a wuni. Ina jin su ta taga. Bello yana durƙushe a gefen buzu, ya faɗi abin da ya shigo, Baba ya ce madalla, daga nan hira ta ɓalle, a koma kan direban da ya kwana a hanya ko farashin taki. Karatun kansa ba ya wuce numfashi biyu, hirar ce take kai rabin awa. Ni rabona a cikin harkar ɗaya ne. Unguwarmu ba ta cika samun wuta ba, a makarantarmu kuwa akwai na'urar hasken rana a ofishin hedimasta, don haka duk bayan kwana biyu Bello yakan leƙo da safe ya ce Baba ya ce a ba mai littahi waya ya kai ta ta ci wuta. Wanda ya iya karatu shi ne ɗan dakon waya, wanda ya gudu daga aji shi ne makaranci. Haka nake juya maganar a raina tun daga ƙofar gida har bakin makaranta.

A ofishin hedimasta na fara buɗe saƙonnin. Nan na gane yadda Bello yake karatu. Lamba ya sani, ya san inda ake rubuta abin da ya shiga da inda ake rubuta abin da ya rage, Turancin da ke tsakiya kuwa tsallake shi yake yi. Akwai wasu ƙananan saƙonni da suke zuwa a ƙarshen wata, a jere, kowanne da ɗan kuɗin da bai kai a kula ba. Bello ya ɗauka irin tallan nan ne na kamfanin waya, da akwatin saƙo ya cika su yake fara gogewa. Su ne kuwa maganar. Ɗaya kuɗin kula da asusu, wanda suke yanka gwargwadon abin da ya fita a watan, don haka yana kumbura daidai lokacin da kasuwa ta buɗe. Ɗaya kuɗin saƙon da suke turowa, kowane ƙarar waya da farashinsa. Ga na kati, ga harajin da ake ɗorawa a kan waɗannan, ga abin da ake cira duk lokacin da Bello ya zari kuɗi a na'urar wani bankin da ba nasu ba, shi kuwa kaɗan-kaɗan yake zara, a duk na'urar da layinta ya fi gajarta. Na sayi sabon littafi mai bango ja, na ja layuka, na fara kwafe su ɗaya bayan ɗaya kafin ya goge. A saman kowane shafi na rubuta ranar da na yi kwafin, don haka aka koya mini, kuma haka nake koya wa 'yan ajina.

Baba ba ya boko, amma kansa ma'auni ne. Ya san buhu nawa ya ɗora a kowace mota da abin da aka yi a kan kowanne. A wata na biyu ya ce lissafi bai cika ba. Bello ya ce ƙila dai mantuwa ce, Baba ya ce shi bai fara mantuwa ba tukuna. A wata na uku giɓin ya ƙaru. Wata rana da hantsi muna tsakar gida ana shan kunu ya sake tayar da maganar, yana kallon ƙasa.

"Albasa in anka aje ta ga rudu, rumbunta na kara, tana ramewa, don ruwa ag gare ta. To kuɗɗin da munka ce babu ruwa cikinsu, mi za ya tsotse?"

Goggo Ige ce ta amsa. Yayar Baba ce, ita take riƙe da gidan tun rasuwar Inna, kuma harshenta ba ya jiran a gama sallama. Ta dubi sabon agogon da ke hannun Bello, wanda na san da kuɗin jigilarsa ya saya, don a gabana ya ƙirga su.

"Gara ce, Umaru. Gara ba ta cinye rumbu rana guda. Kuma ba daga daji taka zuwa ba, cikin gida ta ke."

Bello ya yi dariya, ya ce Goggo in shi gara ne ai ita ce tsohon suri. Kowa ya yi dariya, har ni. Amma sunan ya fita daga gidan kafin azahar. Matan unguwa suka ɗauka, majalisar ƙofar masallaci ta karɓa, bayan mako biyu wani dillali daga Boyekai ya kira shi da shi a tsakiyar kasuwar Goronyo. Ni kuwa ina zaune a kan turmi da ƙoƙon kunu a hannu ranar da aka raɗa shi, jan littafin yana cikin aljihun rigata, da shafi goma sha ɗaya a cike.

Ba tsayawa na yi a kan sanin ciwon kawai ba, har maganin na nemo. Da na shiga birni karatu na je bankin sau uku. Zuwa biyu na farko na bi layi har na kusa teburin, kunya ta kama ni na juya na fita. A na uku wani dattijon ma'aikaci ya lura da ni ya yafito ni. Ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce manomi irin Baba ba ya buƙatar karant, tunda ba cak yake rubuta wa mutane ba. Asusun ajiya ya ishe shi, ba a yankar masa wancan kuɗin na wata-wata, in kuma ruwa ne ba ya so, sai ya kawo takarda a rubuce cewa kada a ɗora masa komai, ko a buɗe masa irin wanda aka tsara ba ruwa tun asali. Ya ce a riƙa zarar kuɗi sau ɗaya mai kauri maimakon sau goma, a na'urar bankin kansa. Kuɗin saƙo kuma ana iya dakatarwa, amma shi bai ba da shawara ba, don gara mutum ya biya kaɗan ya san abin da ake yi da dukiyarsa. Na rubuta duk wannan a shafin ƙarshe, na sa masa lamba ɗaya zuwa huɗu, na dawo gida na yi shiru.

Na gaya wa kaina cewa hujja nake tarawa, mai ilimi ba ya magana sai ya kammala bincike. Matata ta tambaye ni sau ɗaya littafin mene ne nake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, na ce na makaranta ne. Gaskiyar ita ce kunnena yana kan zaure. Na lura kiran ya fara gajarta. Baba ya daina jan ƙarshen sunan, yana faɗinsa a dunƙule kamar mai ajiye kaya. Hirar bayan karatu ta ragu daga rabin awa zuwa madalla kawai. Wani lokaci ma sai ya sa Bello ya maimaita lambar sau biyu yana kallon fuskarsa, ba wayar ba. Kowace irin wannan rana nakan ci tuwo da daɗi. Ba na son ku sassauta mini wannan, don ni na san abin da na ji. Ina jira ne abin ya nuna sosai, yadda in na fito da littafina Baba ba zai sami wanda zai juya gare shi ba sai ni, kuma dole bakinsa ya nemo abin da zai kira ni da shi.

Ranar ta zo bayan an sallami motar ƙarshe ta kakar daga Goronyo. Da aka sauko daga la'asar Baba ya zauna a zaure ya sa aka kira Bello da Goggo Ige. Ni ba a kira ni ba, na tsaya a bayan ƙofa. Muryarsa a ƙasa take, ba faɗa a cikinta, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Bello, ni ban ce ka ɗauka ba. Amma in buƙata ta kama ka, bakina ya hi banki kusa. Hwaɗa min, mu rufe magana nan."

Bello ya ce ko kwabo bai taɓa ci ba, ya miƙe zai ɗauko Alƙur'ani daga alkuki. Goggo ta ce ya bar Littafin Allah inda yake, gara ba ta da alwala. Na ga Bello ya tsaya da hannu a sama, ya rasa inda zai sa shi. Nan na shiga. Ban iya fuskantar Baba ba, don ban saba ba, sai na durƙusa na fuskanci Goggo na buɗe littafin. Na karanta wata bayan wata, na fassara kowane saƙo, na faɗi wanda ya fi cin kuɗi da dalilinsa, na kawo jimilla. Abin da na faɗa ya zo daidai da giɓin da ke kan Baba, bambancin bai kai kuɗin goro ba. Sannan na juya shafin ƙarshe na karanta hanyoyin nan huɗu. Da na ɗaga kai na tarar Baba yana kallona, kallo sosai, irin wanda ban taɓa samu ba. Leɓensa ya motsa. Na ce a raina yau ce.

Sai Bello ya miƙo hannu ya ce in ba shi ya gani. Na ba shi da alfahari. Bai tsaya a kan jimillar ba, ya koma shafin farko ya ɗora yatsa a samansa.

"Yaya, ni ban iya Turanci ba, amma na iya lamba. Wanga kwanan wata na bisa, ran da kar rubuta ne?"

Na ce i. Ban taɓa iya yin ƙarya a kan kwanan wata ba.

"Wata huɗu ke nan." Ya buɗe gaba a hankali yana ƙirga shafi. "Ran da Goggo tas sa min suna kana bisa turmi kana shan kunu. Ran nan ka san wagga magana?"

Bai sake tambaya ba. Ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu, ya zaro wayar da kati da littafin cak ya jera su a kan buzun Baba, ya sa takalmi ya fita. Goggo ta ce ita dai ba ta da boko, abin da ido ya gani ta faɗa. Baba ya daɗe yana kallon kayan da ke gabansa, sannan ya yi magana yana fuskantar bango.

"A ce ma mai littahi, gobe da sahe za mu birni."

Mu uku ne kawai a zauren. Goggo ta juyo ta ce mini, ka ji.

A motar haya muka tafi, shi a gaba ni a baya, daga Wurno har Sakkwato. Na sami dattijon ma'aikacin, aka rufe karant, aka buɗe na ajiya, na rubuta takardar ƙin ruwa da hannuna Baba ya dangwala. Da aka zo wajen sunan magaji, ma'aikacin ya tambayi Baba ko a bar wanda ke tsohuwar takarda. Baba ya ce a bar shi. Mutumin ya juyo da takardar don in kwafa, na ga an rubuta Haliru Umaru da karkataccen rubutun Bello, harafi ɗaya ma a juye. Wata shida da suka wuce Baba ya nuna masa wanda za a sa, Bello ya rubuta, bai taɓa faɗa mini ba, bai kuma yi mini gori da shi ba ko a zauren jiya. Kuna tsammanin na ji sanyi. Abin da ya fara zuwa mini shi ne, har sunana sai da ya bi ta hannun Bello kafin ya isa takarda.

Gara ta daina cin asusun. Daga watan nan lissafin Baba da na banki suka riƙa haɗuwa, sai ɗan kuɗin saƙo da na kati, waɗanda nake gaya masa tun kafin a cire. Hanyoyin nan huɗu har yau suna aiki, ko da sunayen kuɗaɗen sun sauya, kuma duk wanda ya buɗe asusu a cikinku ya tambayi abin da ake cira kafin ya tambayi abin da ake bayarwa. Ya kuma karanta ƙananan saƙonni. In ya gano wani abu, ya faɗa a ranar.

Bello ya koma Rabah bayan damina, wajen dangin matarsa, ya kama gyaran injin ban-ruwa. Bai yi gaba da ni ba. Duk Juma'a yana zuwa gaida Baba, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Sunan ya bi shi can, don wankewar da na yi masa a zaure mutum uku suka ji ta, sunan kuwa kasuwa guda ta ji shi, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin tsayawa a majalisa in faɗi nawa laifin ba. Sau ɗaya na fara ba shi haƙuri a bakin shagonsa, ya katse ni ya ce in bar shi, ni ne babba. Don haka nake roƙonku, ku da kuka iya karatu, wani ya zauna ya karanta masa wannan babi daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake tsakiya. Kuma daga yau kada in sake jin Gara a bakin ɗayanku, ko da wasa.

Wayar ta ci gaba da zama a aljihun Baba, karatun ya dawo hannuna kamar yadda na so. Shekara shida muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. In ta yi ƙara, daga ɗakina ina jin ya ɗaga murya ya ce "Bel", sai ya tuna, ya haɗiye sauran. Daga nan ya yi gyaran murya sau biyu, ni kuma in taso in tarar ya miƙa wayar cikin iska yana kallon wani gefe. In karanta masa daidai, da Turancin tsakiya da fassararsa, ya ce madalla, in mayar masa in koma ɗaki. Ban taɓa yin kuskuren kwabo ba a cikin shekara shidan nan. Kuma duk lokacin da na taso, tsakanin ƙofata da zaure, rabin sunan nan nake yi wa hassada, don ni ko rabin ban samu ba.